Gayyar Kashe Waya

Ni mutum ne da ya daɗe yana gab da zama dakta. Na fara digirin nan na uku a wata jami'a ta ƙasar Malesiya tun ina da gashi a tsakiyar kai. Na yi zaman da zan yi a can, na dawo Wudil da niyyar ƙarasa rubutu cikin 'yan watanni, sai 'yan watannin suka yi ta haihuwa. Ɗaliban da na koya wa ilimin ƙasar noma a ajin farko suka gama, suka tafi, wasu suka dawo da digirin da nake nema, ni ina nan ana kirana Malam Nu'uman. Ɗaya daga cikinsu, Dakta Mas'uda, ofishinta yana kallon nawa. Duk safiya sai ta rusuna ta gaishe ni, ni kuwa duk safiya sai in ji da ma ta wuce abinta, don rusunawar nan ita ta fi tona mini asiri.

A daminar bara dai rubutu ya ƙare. Saura in zauna gaban malaman da za su yi mini tambayoyi, in kare abin da na rubuta a kan gishirin da ke taruwa a ƙasar fadamun bakin kogi. Suka ce ba sai na hau jirgi ba, za a yi ta bidiyo, amma da sharaɗi. Dole in zauna a cikin jami'ar da nake aiki, kuma a sami mai digirin dakta ya zauna kusa da ni, ya shaida babu mai raɗa mini amsa. Aka duba sashenmu kaf, aka ga wadda ta fi dacewa. Mas'uda.

Zaman farko a ofishina muka yi, da datar wayata. Fuskokinsu suka fito tar a kwamfuta, farfesoshi uku, ɗaya mai farin gashi kamar auduga. Ni kuwa da tarbiyya aka haife ni, sai na fara gaisuwa. Na gai da shugaban zaman, na tambaye shi iyali. Na gai da na biyu, na tambaye shi aiki da gajiya. Na juya kan mai farin gashin, ina cikin tambayarsa yaya jikin tsufa, sai hadari ya taso daga gabas, sabis ya tattara nasa ya nasa ya tafi. An ce mini hotona ya daskare a gabansu baki buɗe, sun daɗe suna kallonsa kafin su haƙura.

Mas'uda ta rufe littafinta a hankali ta ce, “Malam, gaisuwar dai ta yi kyau.”

Washegari saƙo ya zo. Sun ba ni rana ta biyu, kuma ita ce ta ƙarshe, don wa'adin rajistata ya zo ƙarshe, malamin da ke duba aikina kuma zai ajiye aiki. In wannan ta kufce, sai in koma farko da sabon malami, a shekarun da gwiwoyina suka fara ba ni labarin yanayi kafin rediyo.

Da na faɗa wa matata Uwani, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, “To, wannan karon in sun fito ka ce musu sannunku kawai. Ba surukanka ba ne.”

Intanet ɗin da za a iya dogara da shi a duk harabar jami'armu guda ne, waifan laburare. Kowa ya san haka, kuma matsalar ke nan. Ƙarfinsa yana tsallake bangon baya ya faɗo gindin wata tsohuwar darbejiya, kuma a gindin darbejiyar nan rabin jami'ar ke rayuwa. Akwai masu zuwa daga sallar asuba su kama saiwa. Akwai waɗanda suka san daidai inda za su jingina kafaɗa su sami sandar sabis uku, in sun matsa kaɗan ta koma biyu. Wasu su ajiye waya a bakin taga tana jan fim mai dogon zango, su tafi lakca, su dawo su duba ta kamar wanda ya ɗora wake. Da masu kallon ƙwallo, da masu aikin gida da aka ce a tura kafin azahar, da masu kallon malaman wata ƙasa suna bayanin abin da na bayyana musu jiya ba su gane ba. Kai, har mai awara ta kafa kaskonta a gefe, ita ma da wayarta a jone.

A cikin laburaren akwai ƙaramin ɗakin taro wanda tagarsa ke kallon bishiyar. Na nemi izini aka ba ni. Na kai kwamfutata na yi ta gwaji. Da zarar an kira azahar ɗalibai sun watse zuwa masallaci, sai abin ya yi ta gudu kamar ruwan kwata bayan an ɗauke sama. Da hantsi kuwa, in ka buɗe shafi, kana iya zuwa ka sha shayi ka dawo yana nan yana juyawa. Zamana kuma da hantsi aka sa shi, don a lokacin su can yamma ta yi, suna shirin tashi. Na roƙi a matsar, suka ce ba hali.

Na je wurin mai kula da na'urorin, na ce ko zai canza lambar sirri na yini ɗaya. Ya yi dariya ya ce duk lambar da ya canza da safe, kafin la'asar har mai awara ta haddace ta.

Sai na yanke shawarar yin abin da na iya, wato jawabi. Na sa babbar riga na tafi gindin darbejiya, na yi gyaran murya, na yi musu bayanin muhimmancin bincike ga ci gaban ƙasa, na ce ranar Talata ba na son ganin kowa a nan da hantsi. Suka saurare ni cikin ladabi. Suka ce, “To, Sa.” Kafin in juya, kawuna sun koma ƙasa, manyan yatsu sun ci gaba da noma.

Ina tafiya sai na ji ana bina. Yahuza ne, ɗan ajin ƙarshe a sashenmu, magidanci daga Darki, wanda ke zuwa lakca a babur da taɓon gona a ƙafar wando. Duk ajin Baba Yahuza suke ce masa, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu.

Ya ce, “Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ba za su ji ba.”

“Na lura.”

“Umarni ka zo bayarwa. Umarni kuwa a nan kullum ana ba su, har ya daina shiga kunne. Ai da gayya ka kira.”

Na ce, “Gayya? Gona ce da ni?”

“Aiki ne ya fi ƙarfinka kai kaɗai, ko ba haka ba? A garinmu in ciyawa ta ci ƙarfin mutum, ba ya zuwa dandali ya yi wa mutane wa'azi. Bin su yake gida gida da goro, ya ce ku taimake ni rana kaza. Su zo su yi masa, ya ciyar da su, shi ke nan. Taka gayyar ma ai ta fi sauƙi. Su dai su kashe waya su zauna.”

Na yi shekaru ina koyar da harkar noma, na rubuta kalmar gayya a allo ba sau ɗaya ba, ban taɓa tunanin wata rana ni zan kira ta ba.

Ya lissafa mini yadda abin yake. Mai gayya da kansa yake zuwa gayyata, ba ya aike. Abinci a kansa yake. Ranar aiki shi ke fara sa hannu kafin kowa. Sannan duk ranar da ɗaya daga cikin waɗanda suka zo masa ya kira tasa, ba shi da uzuri. Na ce na yarda da duka. Na ƙarshen ma ban saurare shi da kyau ba.

Haka na koma gindin bishiyar washegari ba babbar riga, da ledar goro da alawa a hannu, ina bin su rukuni rukuni, ina tsugunawa, gwiwoyina suna ƙara. Na gaya musu gaskiya, cewa in Talatar nan ta lalace, aikin shekaru ya tafi. Abin mamaki, sai na ga ana ajiye waya ana kallona.

Wata yarinya mai suna Khairiyya, 'yar aji uku, wadda bakinta ya riga ta suna a sashenmu, ta karɓi alawa ta juya ta a hannu. Ta ce, “Sa, tambaya. Gayyar nan za ta taɓa makin tes?”

Na ce, “Ko kaɗan.”

“Ko rabin maki?”

“Ko ƙwayar gero.”

Ta juya wajen ƙawayenta ta ce, “Kun ji ko? To, Sa, tunda haka ne, abincin ya zama da nama. Ba irin naman da sai an yi bincike kafin a gano shi ba.”

Aka fashe da dariya. Ita ce kuma ta kawo gyara mai muhimmanci. Ta ce in aka bar kowa da wayarsa a hannu, wallahi sai an sami mai leƙa sakamakon ƙwallo ta ƙarƙashin hijabi ko hula. A shimfiɗa tabarmi, kowa ya kashe tasa ya kife ta a kai, ya zauna yana kallonta daga nesa. Mas'uda ta ɗauki nauyin shawo kan ma'aikatan laburare su ma su haƙura da nasu.

A gida Uwani ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, “Shekarun nan ina dafa maka kana rubutu, yanzu kuma jami'ar gaba ɗaya zan dafa wa?” Amma kafin magariba ta aika an aro manyan tukwane. Ta kuma kira Gwaggo Mairo, ƙanwar mahaifina da ke Indabo, ta ce a sa ni a addu'a. Gwaggo Mairo ba ta san yin abu kaɗan ba. Tun da jikokinta suka saya mata babbar waya, ita ce limamiyar guruf ɗin danginmu. Kafin gari ya waye, duk wanda ya haɗa jini da ni daga nan har Fatakwal ya san ranar Talata Nu'uman zai shiga gaban alƙalai.

A nan sai in faɗi wani abu game da wayoyina. Biyu gare ni, kamar kowane mutumin kirki. Akwai ƙarama mai maɓallai, wadda ba ta san komai ba sai kira da tocila. Akwai babba, wadda Uwani ta gaji da yadda take shanye data, ta saita ta yadda ba za ta sauke bidiyo ko dogon saƙon murya ba sai ta sami waifai. A gida ba mu da waifai. Na laburare kuwa ta san shi, amma duk sanda na je da ita cunkoso ba ya barin ta ta ja komai. Saboda haka duk wani bidiyon biki da suna da wa'azi da dangi suka turo tun fiye da shekara guda yana nan a bakin ƙofa yana jira. Na san da haka. Sani ne dai irin wanda mutum ke ajiyewa a inda ba zai tuna ba.

Ranar Talata gari ya waye da ɗan lumshi. Da na iso bayan laburare sai da na tsaya. Tabarmi sun kewaye darbejiya, ɗalibai maza a gefe, mata a gefe, har da waɗanda ban taɓa koyarwa ba, 'yan injiniya da 'yan lissafi, labarin nama ya kai musu. Uwani da 'yan taimakonta suna sauke kuloli a inuwa. Yahuza ya tsaya a tsakiya da karan dawa a hannu, ya zama sarkin gayya ba tare da an naɗa shi ba.

Ya ɗaga murya ya ce, “Mai gayya ya fara!”

Na matsa gaban tabarma ta farko. Hannuna ya shiga aljihu ya taɓa babbar waya, sai wani tunani mai kama da hikima ya zo mini. In waifan ya ba ni kunya fa? Ai gara in riƙe ta, in jona kwamfuta da datarta in abu ya ɓaci. Sai na sauya aljihu, na zaro ƙaramar, na kashe ta a gaban jama'a da wani irin ƙasaita, na kife.

Khairiyya ta leƙo ta ce, “Sa, wannan baiwar Allah ai ko tana so ba za ta iya laifi ba.”

Aka yi dariya, ni ma na yi, na wuce ciki da sauri. A bayana na ji ƙarar wayoyi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da na leƙa ta taga, sun jeru a tabarmi kamar takalma a ƙofar masallacin Juma'a.

Mas'uda ta zauna a gefena da littafinta. Muka kunna. Fuskokin farfesoshin suka fito garau, har ina ganin ƙurar da ke kan tabaran shugaban. Na buɗe baki, na ji gaisuwa ta taso mini tun daga ciki, sai Mas'uda ta ɗaga yatsa ɗaya. Na ce, “Barkanku da yamma.” Na haɗiye sauran. Ban taɓa jin na yi rashin kunya irin ta ranar ba.

Na fara bayani. Na nuna taswirar fadamun, na nuna inda na haƙa, na nuna yadda farin gishiri ke fitowa a kan kunya a ƙarshen rani. Murya ta zauna, kafaɗu suka saki. Ina cikin jin daɗin kaina sai bakin shugaban ya motsa, maganar ta iso daga baya. Sai mai farin gashi ya rabe gida biyu. Sai dukansu suka tsaya cik, wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar allo yana juyawa.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne fushi. Na ce a raina, yaran nan sun ci amanata tun ba su ci naman ba. Na leƙa taga ina harara. Suna nan zaune, hannuwa a cinya. Wasu sun zana dara a ƙasa, wasu suna hira suna kallon juna a ido, da alama yau suka fara ganin fuskokin juna. Yahuza yana zagaye tabarmi da karansa. Khairiyya ta gan ni, ta buɗe tafukanta biyu ta nuna mini babu komai.

Hoto ya dawo a yayyage. Muryar shugaban ta iso gutsure gutsure, amma na fahimci abin da yake cewa. In ba a gyara ba nan da ɗan lokaci, za su rufe zaman.

Gumi ya keto mini. Na ji cinyata ta dama tana zafi. Na ce shi ke nan, hawan jinin da likita ke faɗa ya zo, kuma ta ƙafa ya fara. Zafin ya ƙaru, har da wani ɗan kaɗawa. Na sa hannu a aljihu na zaro babbar waya, tana da zafi kamar ƙosan da aka tsamo yanzu.

Ta sami hanya fetal ba kowa, ta buɗe baki. Tana jan bikin 'yar wan Uwani. Tana jan wa'azin azumi kashi kashi. Tana jan guɗar sunan da aka yi tun yaron bai fara zama ba, yanzu yana gudu. A saman su duka kuma ga Gwaggo Mairo, bidiyo bayan bidiyo, ta tara matan unguwa a tsakar gida suna yi mini addu'a, ga na 'yan uwa suna amsawa da nasu, kowa yana roƙon Allah ya buɗe mini hanya.

Mas'uda ta kalli wayar, ta kalle ni. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na yi ƙoƙarin kashe ta, yatsuna suna santsi da gumi, ita kuma ta ƙi ji, tana ta aikinta. Na miƙe zan fita da ita, Mas'uda ta ce, “Malam, doka ta hana ka barin ɗakin.” Ta nuna taga.

Na zura hannu ta tsakanin ƙarafa. Khairiyya ce ta taso. Ta karɓi wayar da yatsu biyu kamar ta kama ɓera ta wutsiya, ta duba fuskarta, ta ɗaga ta sama ta juya a hankali don kowa ya gani. Ban taɓa ganin taro ya yi dariya ba sauti ba sai ranar. Mutane suna kifewa a tabarma, suna cusa hula a baki, Yahuza yana kaɗa kara yana yi musu alamar shiru, shi ma hawaye na zubo masa. Daga can gefen kuloli na hango Uwani ta dafe kai.

Khairiyya ta matso taga ta ce a hankali, “Sa, mun kama ɓarawon. A yi masa hukunci ko a jira ka fito?”

“Kashe ta, don Allah.”

Ta danne ta har ta mutu, ta kai ta kan tabarma ta farko, ta kife ta kusa da ƙaramar.

Kafin in zauna daidai, farfesoshin sun dawo cikakku, kowa da kansa ɗaya. Shugaban ya tambaya ko an shawo kan matsalar. Na ce an gano ta, kuma ta cikin gida ce.

Daga nan kuwa sai Allah ya ba ni baki. Abin da na sani ne, na taka shi da ƙafata, na ɗanɗana ƙasar nan da harshena ba sau ɗaya ba. Mai farin gashin nan ya gyara zama ya jefo tambayar da na ga alama tun zaman farko yake ɓoye da ita. Ya ce me ya sa gonaki biyu maƙwabta, ruwansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, amma gishirin ɗaya ya ninka na ɗayar? Ko dai awona ne ya yi kuskure? Na ce masa awo lafiyarsa ƙalau. Mai gonar farko yakan cika fangalinsa da ruwa ya bar shi ya tsuma ya tsiyaye kafin ya dasa, mai ta biyu kuwa hayar injin ban ruwa yake yi, sauri yake, yana ba ƙasa ruwa kaɗan kaɗan, rana ta shanye ruwan ta bar masa gishirin. Na nuna masa shafin da na auna hakan. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Ana cikin haka na ji yayyafi a kan kwano. Gabana ya faɗi, don na san dukiyar da ke shimfiɗe a waje, kuma na san duk wanda ya ɗauki wayarsa a hannu sai ya kunna. Na saci kallo. Sai na ga sun kama tabarmin ta kusurwa huɗu huɗu, suna gudu da su zuwa baranda kamar matan da ruwa ya tarar da shanyarsu, wayoyi sun taru a tsakiya, babu wanda ya taɓa tasa. Na dawo da idona kan allo na amsa tambaya ta gaba da wata murya da ba na zaton tawa ce.

Da suka gama, suka ce in ba su wuri su yi shawara. Allo ya yi duhu. Ni da Mas'uda muka zauna muna sauraren yayyafi. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na karanta duk abin da na haddace. Sai suka dawo. Shugaban ya yi 'yar magana a kan gyare gyare ƙanana, sannan ya yi murmushi ya kira ni da sunan da na daɗe ina ji ana kiran ɗalibaina da shi.

Na ce na gode. Sai kuma na ga ai yanzu ba abin da za a ƙwace mini, na gai da su ɗaya bayan ɗaya, da iyali, da aiki, da gajiya, har jikin tsufa. Mai farin gashi ya ce jiki da sauƙi.

Mas'uda ta miƙe, ta rusuna har ƙasa ta ce, “Barka, Dakta.” Wannan karon rusunawar ba ta yi mini ciwo ko kaɗan ba. Na so ma ta ƙara.

Da na fito baranda, hannu kawai na ɗaga. Ihun da suka yi sai da tsuntsayen darbejiya suka watse. Uwani ta rangaɗa guɗa, abin da rabon da in ji ta yi tun bikin ƙanwarta. Maza suka yi caa a kaina, wani ya cire mini hula, sanƙona ya sha yayyafi a bainar jama'a, ban damu ba. Yahuza ya buga karansa a ƙasa ya ce, “Gayya ta tashi! A ci abinci!”

Ba abincin suka fara nufa ba. Tabarmi suka nufa. Cikin ƙiftawar ido kowa ya kunna, kowa yana son ya riga kowa sa hotona, waifan ya durƙushe nan take. Na karɓi babbar wayata na rubuta wa dangi cewa an yi nasara, saƙon ya tsaya yana juyawa har muka gama cin shinkafa. Khairiyya ta ɗaga tsokar nama ta duba ta gaba da baya, ta ce, “Dakta, wannan ta ci jarrabawa.”

Da yamma Gwaggo Mairo ta kira. Ta ce, “Ka ga aikin addu'a ko, Nu'umanu? Ta iso kuwa?”

Na ce, “Gwaggo, ta iso. Duk a lokaci ɗaya ma.”

Bayan sati biyu ina zaune a ofis, an riga an liƙa sabon suna a ƙofa, ina yawan fita ba dalili don in dawo in karanta shi, sai ga Yahuza da ƙwayar goro a tafin hannu. Ya gaishe ni da kyau, ya ajiye goron a tebur.

Ya ce, “Dakta, ranar Asabar akwai gayya a gonar babanmu a Darki. Maimai za a yi, ciyawa ta taso.”

Na ce, “Madalla. Allah ya ba da sa'a. Wayar zan kashe daga nan?”

“A'a, Dakta. Tamu da fartanya ake yi.”

Na je. Da na tuna sharaɗin na so in yi ciwon baya tun kafin ranar, amma Uwani ta ce in na ƙi zuwa ita za ta kai kanta ta ba da labarin wayar a gaban dattawan Darki. Aka ba ni fartanya da kunya ɗaya a gefen gona, kusa da inuwa. Dattawa suka tambayi Yahuza wane ne wannan, ya ce daktan ƙasa ne daga jami'a. Suka ce ma sha Allah, suka tsaya suna kallon yadda dakta ke yi da ƙasa. Kafin in kai ƙarshen kunyata, samari sun gama gonar sun dawo sun taya ni, mai ganga yana bina a baya yana kiɗa mini ni kaɗai.

Na ƙarasa ta dai. Na miƙe a hankali, kashi kashi, na karɓi kwanon fura. Na laluba aljihu don in ɗauki hoton kunyar nan in tura wa Mas'uda, na tarar babu sabis ko sanda ɗaya a duk faɗin gonar. Na mayar da wayar aljihu, tana da sanyi lafiya lau, na zauna a inuwa na shanye furata.